Inuwar Ciyaman Ta Sauya Sheƙa

A yi shiru, a gyara zama, za a ambaci Ciyaman. Ba ciyaman na wani banki ko kamfani ba, wa yake ta waɗannan! Ciyaman na Ƙungiyar Masu Gidaje ta layinmu nake nufi, bawan Allahn da in ya yi gyaran murya a ƙofar gidansa har kajin maƙwabta sai sun gyara tafiya. Mu dai mun yi dace da aka ajiye mana shi a layi ɗaya. A bayan idonsa Sai-Da-Ni muke ce masa, don ba a taɓa cike rami ko canza ƙwan fitilar layi ba face ya zo ya ce, "Wannan aiki sai da ni." Tsayawa kawai yake yi a kai, hannu a baya, amma tsayuwar manya ai ita ma aiki ce.

Tun da ya yi ritaya daga ofishin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana buga hatimi, kujerar nan ce kaɗai ta rage masa a duniya. Ya sa an rubuta CIYAMAN a jikin ƙofar gidansa, da bayan motarsa, har da murfin bokitin shararsa. Matarsa ma in ta kuskura ta ce "Baban yara" a gaban baƙi, sai ya yi kamar da bango take magana. In za a faɗi gaskiya, tsoro yake ji. Yana tsoron ranar da za a wuce ƙofarsa a ce masa "Sannu, Baba" kawai, kamar kowane tsoho mai jiran fansho.

To, ga shi ranar ta leƙo. Anti Nas, ma'aikaciyar jinya da ta yi ritaya, wadda gidanta ke ƙarshen layi inda kwatar kowa ke zuwa ta kwana, ta ɗaga hannu a wani taro ta ce ita fa ta gaji da kwashe ruwa daga falonta, kuma in ba ta manta ba an daɗe ba a yi zaɓe ba. Ciyaman ya dube ta ta saman tabarau, ya yi murmushin tausayi.

"Zaɓe? Ai ni ɗan dimokuraɗiyya ne tun kafin a san ta a layin nan. A yi zaɓe. Jama'a su sake tabbatar da abin da suka riga suka sani."

Ya koma gida bai iya cin abinci ba.

Kwana biyu yana zagaye tsakar gida, sannan basira ta sauko masa. A filin bakin layi za a yi zaɓen, fili fetal babu ko bishiya, ga shi ana tsakiyar zafi. Duk wanda ya mallaki inuwa ranar, ya mallaki jama'a. Ya kira Sakataren ƙungiya, wato ƙanin matarsa, wanda aikinsa a duniya shi ne cewa "Haka ne, Yallaɓai," suka nufi shagon da ake sayar da rumfunan taro, irin na tafi-da-gidanka.

Mai shago ya ga kwat da tabarau sun shigo, ya san yau ya tashi da sa'a. Ya fara buɗe musu wata mai faɗi, gajeruwa, mai naɗewa kamar lema, wadda mutum biyu za su ɗaga su matsar da ita duk inda aka ga dama.

"A matsar da ni?" in ji Ciyaman. "Ni na yi maka kama da wanda ake matsarwa? Rumfar masu sayar da katin waya ce wannan. Wuce."

Aka nuna masa wata mai labulen gefe, a zuge a buɗe.

"Labule! In ɓoye wa jama'ata fuskata? Mutum ya baro gidansa takanas don ya gan ni, ya tarar da tamfol? Kai, ka san da wa kake magana kuwa?"

"Haka ne, Yallaɓai," in ji Sakatare.

Can a lungu idonsa ya faɗa kan wata fara sol, mai tsini a ka, da geza ruwan zinariya tana reto a gefe. Rufinta bai kai na sauran faɗi ba, amma wa ke auna faɗi in ga geza? Ciyaman ya shiga ƙarƙashinta, ya ɗaga kai, ya ɓata rai. Ya ce ta yi masa kusa da ka, shi kuwa tunaninsa yana bukatar sarari. Mai shago ya rantse shi ma abin da ya gani ke nan tun shigowarsu, har ya haɗa su da wani mai walda a bayan shagon.

Mai walda ya ƙara wa kowace ƙafa bututu. Ciyaman ya ja da baya, ya kanne ido, ya ce a ƙara. Aka ƙara. Ya tuna tankin ruwan Anti Nas da ke kan dogon ƙarfe, ana hango shi daga titi, ya ce a sake ƙarawa. Da aka gama, rumfa ta zama wata zanƙaleliyar halitta, ƙafafu har sama, ɗan rufi can ƙoli kamar an ɗora wa falwaya hula.

Kada ku ɗauka mutumin ba shi da hangen nesa. Ya taɓa ganin iska ta ɗauke rumfa a wani taro ta kifa ta kan motar babban baƙo, saboda haka ya yi wa buhunan yashi da igiyoyin da aka haɗo masa kallon raini, ya kira magini. Aka haƙa ramuka, aka dasa ƙafafun, aka zuba kankare. Rumfar wucin gadi ta zauna daram, ko motar ɗaukar kaya ba ta isa ta gusar da ita ba. Ya kuma kafa doka cewa daga yau ba rumfa ba ce, sunanta Babban Zauren Taro na Al'umma.

Da rana tsaka ya zo gwaji. Rana na bisa ka, inuwa ta sauko ta kwanta a ƙarƙashin rufin cif, ba ragi ba ƙari. Ciyaman ya tsaya a tsakiya, iska na kaɗa masa taye, ya ji duniya sabuwa.

"Sakatare, ka ga ilimi?"

"Na gani, Yallaɓai."

Ranar zaɓe rana ta fito da fushinta. Masu gidaje suka hallara da tsakar rana, kowa da kujerar robarsa a hannu, ana ta fifita da duk abin da aka samu. Sai ga Ciyaman cikin baƙar kwat, da falmaran a ciki, da taye ja, da takalmi mai ɗaukar ido. Ya sa Sakatare ya ja layi da farin fenti a gabas da rumfar, taku ɗaya daga ƙafafunta. Sannan ya hau ɗan dandamalin da aka kafa masa, ya bayyana tsarin da ya kwana yana saƙawa.

"Jama'ata! Ba ma bukatar takarda, ba ma bukatar akwati. Mu a nan gaskiya muke yi a fili. Duk mai son ci gaba, ya shigo Babban Zaure ya zauna tare da ni. Duk mai son wancan ɓangaren, ga layi nan, ya tsallaka ya zauna tare da ita. Inda aka ƙirga mutum, nan ƙuri'arsa take. Babu ƙorafi, babu ɗaukaka ƙara!"

Kafin ya rufe baki an yi rububin shiga. Gwiwa na gugar gwiwa, kujera na hawa kujera. Mai kantin layinmu da ya sha rantsuwa sai ya ga bayan mulkin Sai-Da-Ni, shi ya fara kama wuri a tsakiya. Matar Ciyaman tana gaba da mafici. A hayin layi kuwa, cikin rana ƙwal, Anti Nas ce zaune da 'yar lemarta, sai ƙawarta guda, sai wani tsoho mai nauyin ji da bai san an kafa wata doka ba.

Sakatare ya matso yana rawar jiki, ya raɗa masa, "Yallaɓai, an gama! In ƙirga?"

Wallahi da ya ce e, da yanzu wani labarin nake ba ku. Amma a tara wa Ciyaman jama'a haka, a inuwa, ba mai hanyar gudu, sannan a ce ya yi shiru? Haba!

"Ƙirga ba ta gudu," in ji shi. "Jama'a na da haƙƙin jin tarihi."

Ya gyara taye, ya ɗaga haɓa, ya lumshe ido. Haka yake jawabi, ido rufe, wai don kada fuskokin mutane su katse masa tunani. Ya faro daga ranar da ya fara taka layin nan, lokacin babu kowa sai shi da ƙadangaru. Ya bi ta kan ƙwan fitila na farko. Ya yi bayanin yadda ya tsaya a kan ramin bakin titi har aka cike shi, da irin abin da ya faɗa wa direban motar yashi, da abin da direban ya kasa mayarwa.

Ita kuwa rana ba ta zo sauraron tarihi ba. Ta karkata yamma abinta. Rufin yana can ƙoli, babu labulen da zai tare, sai hasken ya zuro ta gefe ya fara lasar ƙeyar na layin baya. Inuwar ta tattara ta fara zamewa gabas, a hankali, ba sallama.

Na baya suka ɗan ja kujera, ƙiii. Na gabansu suka matsa musu, ƙiii. Ba wanda ya yi niyyar cin amana, Allah ya sani. Kowa idonsa na kan Ciyaman, yana gyaɗa kai, yana cewa "Gaskiya ne," gindinsa kuma na bin sanyi. Ciyaman ya ji ƙarar kujeru ya ɗauka jama'a ce ta kasa zama don shauƙi, ya ƙara murya.

"Na ji motsinku! Ku kwantar da hankali, ban ma zo kan maganar bokitin shara ba!"

Inuwa ta isa bakin farin layi, ta tsallaka ba ta ko duba ba. Mai kanti ya dubi fenti, ya dubi rana, ya share gumi, ya ɗaga kujerarsa ya bi ta. Tela ya bi shi. Mai gidan bene ya bi tela. Anti Nas sai ma ta naɗe lemarta tunda inuwa ta zo har inda take, ta shiga matsa wa baƙi wuri tana cewa, "Sannunku da zuwa, ku shigo daga ciki."

Sakatare ya ga abin da ke faruwa, ya ja gefen kwat ɗin Ciyaman.

"Yallaɓai..."

"Kada ka katse ni ina tsakiyar kwata!"

Ya sake ja, aka buge masa hannu. Ya tsaya rana na dukansa har takardar hannunsa ta jiƙe, sannan ya ce a ransa ai mai ƙirga ba ya da ɓangare, ko daga ina ya tsaya zai iya aikinsa. Ya tsallaka. Matar Ciyaman ta fi kowa daɗewa, a ba ta wannan. Ta kare fuska da mafici, ta kare da jaka, ta kira shi a hankali ya ƙi ji. Daga ƙarshe ta ce ita hawan jini gare ta, ba za ta mutu a kan bokitin shara ba, ta ja kujerarta.

Saura Ciyaman shi kaɗai a Babban Zauren Taro na Al'umma, rana ta same shi a bainar jama'a tana gasawa ta cikin baƙar kwat. Gumi ya cika masa takalmi. Murya ta fara shaƙewa, kalmomi suka fara hawa kan juna, ya ce fitila ya cike, rami ya kunna. Ya kai hannu zai nuna sama, sai dandamali ya juya masa, ya yanke jiki ya faɗi.

"Wayyo, Baban yara!" Matarsa ta yi kansa da gudu. Mai kanti da tela suka kama ƙafafu, Sakatare ya kama kafaɗa, aka yi ɗauki-ɗauki da shi. Ina za a kai wanda rana ta buga in ba inuwa ba? Inuwa kuwa guda ce a filin nan kaf. Aka tsallaka da shi farin layi, aka shimfiɗe shi a gaban kujerar Anti Nas. Ta kwance masa taye, ta ɓalle falmaran, ta yayyafa masa ruwa, ta ɗora masa jiƙaƙƙen hankici a goshi.

Ya buɗe ido a hankali. Ya ga fuskoki sun yi masa rumfa, duk jama'arsa, kowa na yi masa fifita. Daɗi ya kama shi. Bai taɓa sanin ana ƙaunarsa haka ba. Ya ɗaga yatsa da ƙyar.

"Sakatare... yanzu... ƙirga."

Sakatare ya bi kawuna ɗaya bayan ɗaya, ya ƙare a kan wanda ke kwance. Ya sanar da murya ƙasa-ƙasa cewa Anti Nas ta lashe zaɓe babu hamayya, har da ƙuri'ar mai girma Ciyaman mai barin gado.

Fili ya kaure da tafi da shewa. Anti Nas ta dafa masa kafaɗa ta ce ta gode da wannan karamci, ya kwanta kada ya motsa.

Ya motsa. Ya yunƙura kan gwiwar hannu, hankici na zamewa daga goshinsa, ya ce maguɗi ne, bai yarda ba, a je a ƙirga nasa ɓangaren a gaban kowa.

Sakatare mai biyayya ne. Ya taka har bakin layi, ya sa hannu ya kare rana, ya leƙa ƙarƙashin rumfar daga wannan ƙafa zuwa waccan. Bai daɗe ba ya dawo.