Datar Kamfaninmu Tana Cikin Wayata

Ba zan taɓa mantawa da taron nan na Birnin Kebbi ba, kuma Allah ya sani na yi iya ƙoƙarina in manta.

A kamfanin casar shinkafa da nake aiki a Argungu, ni ake kira mai kwamfuta. (Gaskiyar magana, abin da na iya shi ne buga takarda da zaro wadda ta maƙale a firinta.) Wata safiya Alhaji, mai kamfanin, ya kira ni ya ce, "An gayyace mu taron sarrafa data na kamhunna. Ka tahi ka zaɓo muna manhajar da za mu aiki da ita. In ka yi abin kirki, kai za ni ɗora bisa sashen."

Daɗi ya kama ni, don data ta daɗe tana ba ni haushi. Ka saya yau, jibi a ce ta ƙare.

Na isa otal ɗin, aka rataya mini katin suna, na zauna a layin gaba. Wata injiniya ta hau dandamali ta fara bayanin rumbun bayanai. Ta ce kowane tebur dole ya kasance da mabuɗinsa. Na leƙa teburin gabana, ko durowa babu. Can ta ce su tuni sun kwashe komai sun kai gajimare. Kowa ya gyaɗa kai, ni ma na gyaɗa.

Na raɗa wa na kusa da ni, "Malam, yaushe za a zo kan maganar data?"

Ya dube ni ya ce, "Ai ita aka yi tun ɗazu."

Kaina ya ƙara kullewa. Sai na ji injiniyar ta ce, "Wa ke fama da asarar data a wurin aikinsa?" Alhamdu lillahi, an zo inda na sani! Hannuna ya riga na kowa, aka miƙo mini makirfo.

"Yaya girman datarku?" in ji ta.

"Giga biyar, Hajiya."

"Ba ta da yawa. Ina kuke ajiye ta?"

"Cikin wayata."

Ta dube ni da kyau. "Ta kamfanin gaba ɗaya? To in ta salwanta fa, wane tanadi kuka yi?"

"Sai akawunmu ta kunna mini tata in jona."

Sai wani ya tuntsire da dariya, sauran suka bi. Baiwar Allah ta danne dariyarta ta ce, "Malam, wannan ta hawa intanet ce. Mu bayanan kamfani muke nufi, kamar sunayen manoman da ke kawo muku shinkafa, da abin da ya shiga sito da abin da ya fita."

Nan ya kamata in zauna. Amma (har yau ban san me ya hau kaina ba) sai na ji bakina yana cewa, "To ita ta wayar mai saurin ƙarewa, ba ta da magani ke nan?"

Ashe kai tsaye ake haska taron, kuma Alhaji da Hadiza akawu suna ofis suna kallo. Da na koma, Alhaji bai yi faɗa ba. Cewa kawai ya yi, "Sannu da hanya. Mun gan ka, mutanen garin Augie ma sun bugo sun ce sun gan ka."

Hadiza aka bai wa sashen. Yanzu ita ke koya mini rumbun bayanai, kuma na gano teburin nan ba na katako ba ne.

Tun daga ranar, baƙuwar kalma ba ta ba ni tsoro a taro, don ita nakan tambaya. Wadda nake zaton na sani, ita nake tsoro. In kuwa na hango mai yawo da makirfo ya nufo layinmu, sai in sunkuya in fara gyaran igiyar takalmi, ko da silifa na sako.