Yatsun Zinare a Ɗakin Kifi

"Ni kwamfuta ba ta yi min gardama," in ji Yatsun Zinare, yana karkaɗe kafaɗar kwat ɗinsa. "In na shiga ɗaki, ita take fara gaishe ni."

Shi ya raɗa wa kansa sunan, ka sani, don babu mai hankalin da zai raɗa masa. A unguwa Taɓa-Ya-Lalace ake ce masa, tun ranar da ya gyara wa maƙwabcinsa rediyo ta daina kama komai sai shuuu. Aikin yi kuwa babu, sai cika baki. Matarsa ce ta yi ta sintiri gidan yayanta mai ma'ajiyar kifi, har ya gaji ya ce, "To, ya zo gobe in gwada shi. Akwai 'yar matsala a kwamfutar ofis. In ya gyara, kujerar tasa ce." Da safe ta goge masa kwat, ta raka shi bakin ƙofa ta ce, "Don girman Allah, kada ka ba ni kunya a gaban Yaya."

Matsalar ba ta taka kara ta karya ba. Injin sanyin ɗakin kifi, ta wata baƙar taga a kwamfuta ake ba shi umarni: ka rubuta abin da kake so, ka danna babban maɓallin aikawa, ya bi. To, maɓallin gogewa ne ya yi tawaye. In akawun ofis ta yi kuskure ta danna shi, maimakon ya goge harafi sai ya ƙaro wata 'yar alama mai kama da hula, da harafin H. Ta daɗe tana lallaɓawa a haka, kifi bai taɓa kai ƙara ba.

Yaya ya nuna masa, ya fita tarbar motar kaya. Gogan naku ya haye kujera, ya lanƙwasa yatsu suka yi ƙas ƙas.

"Malama, ja da baya. Datti ne."

Ya ɓamɓare maɓallin da makullin gida, ya hura, ya goge da haɓar riga, ya mayar. Ya danna, hula da H. Ya sa aka kawo wani kibod, allon maɓallan, daga sito, ya danna, hula da H. Ya yi ta dannawa da haushi har huluna suka cika layi.

"Dama na sani," ya ce. "Gwada ki nake yi. Ciwon yana cikin saiti."

A nan kam ya yi gaskiya, kuma ita ce ta ƙarshe a ranar. Ya buɗe saitin tagar, ya iske wurin da ake raba wa maɓallai aiki. Maimakon ya gyara wa mai tawaye zama, sai ya ce ai gogewa babban aiki ne, babban maɓalli ya dace da shi. Ya ɗora ta a kan maɓallin aikawa. Ya rubuta harafi, ya danna, harafi ya ɓace. Ya juyo yana washe baki.

"Kin gani? Ko a Turai sai haka."

"Na gani, Malam. To da me za mu aika umarni?"

Ya sosa ƙeya. Amma ka san irinsu, kunya ba ta kwana a jikinsu. "Ga wannan dogon a ƙasa, me yake yi? Sa tazara tsakanin kalmomi kawai, yana cin wuri a banza." Ya mayar da aikawa kan dogon maɓalli. Don kada jahilai su ɓata masa aiki, ya ce zai kulle saitin da kalmar sirri. Ya buga ta yana kallon akawu, wai ta shaida shi ba ya duba yatsunsa. Taurari suka jeru, taga ta karɓa.

Ana haka mota ta iso, 'yan dako suka bar ƙofar ɗakin sanyi a buɗe, ƙararrawa ta ɗauki kuka.

"Ba komai ba ne," in ji akawu. "A rubuta 'kashe ƙararrawa' kawai. Bari in..."

"Zauna, Malama. Likita na nan, ba a kiran ungozoma."

Ya rubuta "kashe", ya danna dogo don tazara, umarni ya tafi haka nan guntu. Injin da ke gurnani tun safe ya yi tari sau ɗaya ya mutu. Ƙararrawa kuwa ta ƙara ƙaimi.

Gumi ya keto masa. Ya rubuta "kunna", ya danna dogo, taga ta ce a kunna me? Ya rubuta "inji", ta ce inji ya yi me? Kashewa dai ba ta da wuya, kunnawa ce sai da bayani. Ya ruga saiti zai warware, aka ce kawo kalmar sirri. Ya buga abin da yake zaton ya rubuta, aka ƙi. Ya rufe ido ya buga, ko yatsun za su tuna, aka ƙi. Ashe zinaren ba shi da ƙwaƙwalwa.

Yaya ya shigo, takalminsa jiƙe da ruwan kifi. Akawu ta kira kamfanin injin, suka ce mutuminsu sai gobe. Sai ga matar gogan da kwanon abinci, ta zo taya miji murnar sabuwar kujera. Ta ga ƙanƙara na tsiyaya ta ƙarƙashin ƙofa, ta ga fuskar yayanta, ta ajiye kwanon a hankali. Wallahi ita ce ta ba ni tausayi.

"Yaya, saura ƙiris," in ji gogan. "In ka ba ni dama in sauya maɓalli ɗaya tak..."

Yaya bai ɗaga murya ba. Ya yago murfin kwalin kifi, ya miƙa masa.

"Na yi wa ƙanwata alkawarin aiki, ba zan saɓa ba. Tuɓe kwat ka shiga ciki. Daga yanzu zuwa gobe kai ne injin sanyi, ka yi ta yi musu fifita."

Gogan ya karɓi kwali yana jujjuya shi, ya buɗe baki zai yi bayani. Matarsa ta riga shi.

"Yi shiru ka shiga, maigida. Yaya ya duba, kwalin nan ba shi da maɓalli ko ɗaya."