Kwamitin Miyar Zaki

A wani daji mai yawan tsamiya da ƙarancin ruwa, an yi wani Zaki da ya daɗe yana sarauta har ya manta ranar da ya yi gudu na ƙarshe. Nama ake kawo masa har inda yake kwance, safe da rana da maraice. Wata safiya ya yunƙura zai miƙe, ƙafafu suka ce ba su san zancen ba. Sun kumbura suntum, ƙirjinsa kuwa yana bugawa kamar ana sussuka a ciki.

Aka aika a kira Kunkuru, likitan dajin. Ya taho da gaggawa, ya iso bayan kwana biyu. Ya latsa nan, ya saurari can, sannan ya janye wuyansa rabi cikin ƙoƙonsa, yadda yakan yi in zai gaya wa manya gaskiya.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, jiki magayi. Kitse ne ya toshe maka hanyoyin jini. Daga yau har ka warke, ba nama, ba ƙwai, ba nono, ba wani abin da ya fito daga jikin dabba. Wake, kabewa, gero, zogale. A dafa a gida, gishiri kaɗan, mai kaɗan. In ka bi, za ka ga jikokinka sun girma. In ka ƙi, kada ka sa rai da damina mai zuwa."

Zaki ya ce, "Shi wannan Zogalen, a wane gefen daji yake kiwo?"

Kunkuru ya ce, "Itace ne, ranka ya daɗe. Ga shi can a bayan fada."

Kafin rana ta take, labari ya game daji. Masu cin ciyawa suka yi ta murna a ɓoye, suna jajantawa a fili. Majalisa ta taru a gindin babbar tsamiya, kuma da yake al'amarin babba ne, ba wanda ya kawo shawarar a ɗora tukunya. Aka kafa kwamiti mai suna Kwamitin Tsara Abincin Sarki Marar Nama.

Da aka zo zaɓen shugaba, Dila, wanda shi ne magatakardan majalisa, ya miƙe ya gyara murya.

Ya ce, "'Yan'uwa, shekara ashirin Kura ke kula da madafar fada. Ba wanda ya san cikin Sarki kamar ta. Na ji wasu na gunaguni suna cewa ba a ba kura ajiyar nama. Gaskiya ne, magabata sun faɗa. Amma ku duba maganar da kyau. Nama suka ce. Ba su ce ganye ba. Ashe ke nan a duk dajin nan ba wanda ganye zai fi samun aminci a hannunsa kamar Kura, tun da ko za ta kwana da shi shekara ba za ta taɓa shi ba."

Aka yi ta jinjina wannan hikima. Aka naɗa Kura shugaba, Dila ya riƙe alƙalami, aka ba Barewa kujera ɗaya a madadin masu cin ciyawa, don kada a ce ba a yi adalci ba.

Ranar farko kwamiti ya tattauna inda zai riƙa zama. Rana ta biyu ya tattauna ko fara nama ce, aka tashi baram-baram, domin rabin mambobi sun ce tana da ƙafa, rabi sun ce launinta na ganye ne. Duk wannan lokaci ruwa kawai Zaki ke sha.

A rana ta uku Barewa ta ɗaga ƙafa. Ta ce, "Ya shugaba, ni ban yi karatu ba, amma na ji likita ya ambaci wake da kabewa. Me zai hana a dafa su yau, mu ci gaba da zama gobe?"

Kura ta dube ta daga sama har ƙasa, ta daɗe a kan cinyoyinta. Ta ce, "Malama Barewa, ba a gina ɗaki daga jinka. Yaya za mu dafa abin da ba nama ba, alhali ba mu gama sanin mene ne nama ba? Malam Dila, karanto mana abin da ka binciko."

Dila ya warware fatar da yake rubutu a kai ya ce, "Na kwana uku ina nazari, ga abin da na gano. Ku ɗauki Barewa misali, tun da ga ta nan. Tun da aka haife ta me ta ci? Ciyawa. Me ta sha? Ruwa. To wannan jiki nata daga ina ya fito? Daga ciyawa da ruwa. Ashe ke nan Barewa ciyawa ce da ta yi ƙafafu. Wanda ya ci ta, ciyawa ya ci, sai dai ta biyo doguwar hanya. Saboda haka ina ganin duk dabbar da ba ta taɓa cin nama ba, ganye ce, kuma ta halatta ga Sarki. Naman da likita ya hana shi ne na masu cin nama, irin su ni da shugaba."

Bauna, wadda ke sauraro daga bayan taro, ta daina tuƙa abin da ke bakinta.

Barewa ta yi wuf ta miƙe. Ta ce, "Ya shugaba, ina da gyara. Akwai wata rana, ina ƙarama, ina kiwo sai na haɗiye fara. Guda biyu ma. Na kuma ji daɗinsu."

Dila ya ce, "Kin ci nama ke nan?"

"Na ci."

"Amma kwamiti bai yanke ko fara nama ce ba."

"To har da ƙadangare," in ji Barewa. "Ɗan ƙarami."

In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Washegari tun da hantsi layi ya miƙe daga gindin tsamiya har bakin rafi. Kowa ya zo a rubuta shi cikin masu cin nama. Bauna ta rantse ta taɓa cin ɓera. Zomo ya ce shi kullum da kifi yake karyawa, ko da yake ruwan da ya fi kofato zurfi bai taɓa shiga ba. Raƙumin dawa ya ce ba ganye yake tsinka a saman itace ba, tsuntsaye yake kamawa, jama'a ne ba sa gani saboda nisa. Dila ya rubuta su duka. Kafin azahar babu mai cin ciyawa ko ɗaya a dajin, a takarda.

Rana ta biyar kwamiti ya koma kan girki. Kura ta ce duk wanda ya san yadda ake dafa wake ya matso. Ba wanda ya motsa. Wanda ya ce ya iya dafa wake ya tona wa kansa asiri ke nan. Zomo, wanda ƙanshin kabewa ke tashi daga gashin bakinsa, ya tambaya ko wake a ruwa ake kama shi. Sai Dila ya rubuta cewa bayan cikakken bincike, kwamiti ya tabbatar babu masanin girkin ganye a duk faɗin dajin, kuma ya kamata a tura tawaga wani daji ta koyo. Aka shiga gardamar su wa za su je.

Da rahoton ya isa fada, Zaki ya sa aka karanta masa sau biyu bai gane ba. Abin da ya gane shi ne yau kwana shida hanjinsa na kuka. Yunwa, a ba ki a huta. Da hantsi ya faki idon fadawa, ya ja ƙafafunsa ya fita ta bayan fada, bai san inda za shi ba. Can sai wani ƙanshi ya bugi hancinsa. Ya bi shi har wata 'yar bukka a ƙarƙashin kanya.

Bukkar wata tsohuwar Gada ce da ake kira Goggo Tasalla. Kunnenta ya yi nauyi, ba ta zuwa taro, kuma ba wanda ya tuna ya gaya mata an yi layi. Tana durƙushe tana iza wuta, ta ɗago ta ga Sarkin daji tsaye a ƙofarta yana layi kamar zai faɗi.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, in ni ka zo ci, bari in sauke tukunyar nan tukuna, kada ta ƙone a banza."

Zaki ya ce, "Goggo, mene ne a ciki?"

"Na'am?"

"Na ce mene ne a ciki!"

"Faten wake ne. Zauna, ka rame."

Ta zuba masa a akushi. Ya shinshina, ya zagaya shi sau ɗaya, ya rasa ta inda zai kama shi, don bai ga wuya ba. Sannan ya sa harshe. Bai ɗago ba sai da ya lashe akushin. Ta ƙara masa.

Da numfashinsa ya dawo ya ce, "Goggo, mambobi nawa suka haɗa wannan?"

"Wane mambobi? Ni da tukunya. Ka jiƙa wake da safe, ka wanke, ka ɗora da 'yar kanwa. In ya fara laushi ka yanka kabewa ka zuba, da albasa da tattasai da ɗan daddawa. Man gyaɗa cokali ɗaya. Gishiri abin da yatsu biyu suka ɗauka. In ka kusa saukewa ka watsa zogale, ka rufe, kada ka bari ya dahu ya mutu. Shi ke nan."

"Shi ke nan?"

"To da me kake so, kiɗa? Gobe in ka zo kwaɗon zogale zan yi da ƙuli-ƙuli. Ka taho da itace, bayana ba ya son sunkuyo."

Haka Zaki ya riƙa zuwa kullum da ɗaurin itace a baki. Ya sha kunun gyaɗa, ya ci dambun gero da rama, ya koyi yanka kabewa da farce ɗaya. Ranar da ya ɗora tukunya da kansa waken ya kama, Goggo Tasalla ta yi masa faɗan da ba a taɓa yi masa ba tun yana ɗan ƙarami. Kumburin ƙafa ya fara saɓewa.

Kwamiti bai san da wannan ba sai a zamansa na goma sha ɗaya, lokacin da Zomo, wanda ya taɓa hango Sarki a bukkar Gada, ya yi suɓul da baka. Dila ya duba fatarsa daga sama har ƙasa, bai ga sunan Gada ba. Idon Kura ya yi haske. Aka aika aka taho da tsohuwar, aka kuma roƙi Sarki ya halarta, domin kwamiti ya kammala aikinsa.

Kura ta miƙe ta ce, "Ranka ya daɗe, bayan dogon bincike mun samo maka abinci. Ga shi nan. A duk dajin nan ita kaɗai ce ba ta cikin masu cin nama. Ganye ce tsantsa. Ta ɗan tsufa, amma in an daɗe ana dafawa za ta yi."

Goggo Tasalla ta tsinci kalmar dafawa kawai. Ta ce, "Gaskiyarki 'yar nan, tsohon wake sai an daɗe. Ki sa kanwa."

Zaki ya dubi Kura, ya dubi Dila, ya dubi tsohuwar, kansa ya ɗaure. Ya ce, "Ku tsaya. Ita ce abincin, ko ita ce mai abincin?"

Dila ya ce, "Ranka ya daɗe, a takarda duka biyun ne. Ta yi girki ba da izinin kwamiti ba, wannan laifi ne. Kuma ita kanta girki ce, wannan dacewa ce."

Zaki ya juya wajen Kunkuru, wanda tun ranar farko ya taso zuwa zaman kwamiti, yanzu ya iso. Ya ce, "Likita, ni na ruɗe. Gada ganye ce?"

Kunkuru ya ce, "Ranka ya daɗe, shuka ta ka gani ko za ta tsiro."

Zaki ya sake duban tsohuwar. Sannan ya ce, "In na cinye ta yau, wa zai nuna mini ɗanwake gobe? Goggo, tashi mu tafi, na bar wake a jiƙe." Ya juya ya fita da ƙafafunsa, ba tare da ya jingina da kowa ba, tsohuwar na biye da shi tana tambayarsa wai me aka ce.

Ba a rushe kwamiti ba, domin ba wanda ya tuna a ba da umarnin haka. Da aka ga Sarki na tafiya garau, majalisa ta yanke cewa ba a taɓa samun kwamitin da ya yi nasara irin wannan ba: an kafa shi don Sarki ya warke, ga shi Sarki ya warke. Aka shirya walimar godiya, aka ce abincin ganye zalla za a ci, kuma shugaba da kanta za ta shiga madafa. Barewa ta sake ɗaga ƙafa ta ce ya kamata a rubuta sunan Goggo Tasalla a rahoto, tun da ita ta yi aikin. Kura ta ce magana ce mai kyau, Barewa ta biyo ta madafa su ƙarasa ta a can.

Ranar walima Sarki bai zo ba, yana gida yana fama da ɗanwake. Aka zuba miya. Masu cin ciyawa suka ɗanɗana suka ajiye, suna kallon juna, don ba su san wane irin ganye ne wannan mai maiƙo ba, kuma ba mai ikon tambaya, tun da duk sun rantse ba su san ganye ba. Kura da Dila kuwa har da neman ƙari.

Can Bauna ta dubi kujerar da ke kusa da ita ta ce, "Malam Dila, ban ga Barewa ba. Lafiya ba ta zo ba?"

Dila ya goge bakinsa, ya warware fatarsa, ya bi sunaye da farce a hankali. Ya ce a rubuce yake, ta halarta.