Injin da ke tashi da kiɗa

Wani bakanike ne a nan Diffa, mai gyaran injin ban ruwa. Kun san masu wannan sana'a, kunne ne jarinsu. A ja igiya, su kasa kunne, su faɗi ciwon inji. To shi gogan naku sai ya ga abin da garejinsa ya rasa a duniya shi ne kiɗa.

Ya tafi kasuwa wurin Ɗan Azumi mai sifika. Ɗan Azumi ya ce, "Yaya girman garejin?"

"Kamar akurkin kaji. Ina ruwanka?"

"To ɗauki wannan 'yar ƙaramar, ta ishe ka."

"Ni ka raina? Ba ni wadda in na kunna, mutanen ƙetaren kogin Komadugu za su aiko a rage."

Gogan ya ɗora kofin shayi a kan kowace sifika, ya ƙure murya. Wadda ta kifar da kofin ita ya saya. Sai da ƙarti biyu suka shigar da ita.

Ran nan Baba Fannami, wani tsoho mai gonar tattasai a bakin kogi, ya kawo injinsa a amalanke. Ya ce, "Yaro, taimake ni. Tattasaina ya fara fure, ga shi yana yaushi. In bai sha ruwa yau ba, na shiga uku."

Gogan ya ɗora inji a teburi, kiɗa na tashi, kwanon rufi na karkarwa. Ya ja igiya, ya kara kunne. Dum! Dum! Dum! Inji har tsalle yake a kan teburi.

"Baba, ji bugu! Wallahi ko sabo bai kai shi lafiya ba!"

Alhali ko tari injin bai yi ba.

Tsoho ya koma gona da injinsa, ya ja igiya har kafaɗa ta sage. Shiru. La'asar sakaliya ya dawo, ido jawur.

Gogan ya sake kunna kiɗa, ya ja igiya, inji ya kama tsalle. Ya kashe kiɗa, inji ya kwanta. Ya jinjina kai irin na manyan masana.

"Na gano ciwon, Baba. Injinka ƙalau yake. Gonarka ce ba kiɗa."

Baba Fannami ya dube shi ya ce, "Madalla da gwani. To loda mini sifikar in kai wa tattasan. Tunda ba zai sha ruwa ba, ya mutu yana rawa."