Muhandis Jibirilla Ya Yi wa Fegi Hisabi

Kai jama'a, Allah ya yi baiwa a Sulay, unguwar leburori a Riyad! Daga layin sito-sito har garejin 'yan Pakistan, babu kai irin na Muhandis Jibirilla. Makarantar injiniya? Me zai yi da ita? Mutumin da ya taɓa riƙe wa wani injiniyan Masar bakin tef ɗin awo, ai ta tef ɗin ilimin ya bi ya shige shi. Farar hular kwanon da ya saya a gwanjo kuwa, ko shayi zai sha tana kansa.

Burin bawan Allahn nan ɗaya ne: ya bar ɗakin da yake cunkushe da 'yan Maraɗi masu minshari, a kira shi mudir, wato manaja, a ba shi karafan, ɗakin tafi-da-gidanka, nasa shi kaɗai.

Sai ga dama ta faɗo. Kafil ɗinsu, ubangidan da ya tsaya musu a ƙasar, Abu Amir, mai sansanin karafan da leburori ke haya, yana son ya cika fegin baya da sababbin ɗakuna. Ɗan kwangila ya faɗi kuɗin gyaran wurin, tsohon ya kusa haɗiye carbinsa. Jibirilla ya bugi ƙirji.

"Haram, ya sheikh! Cutarka za a yi. Bar mini hisabin."

Da safe sai ga shi tsakiyar fegi, baƙin tabarau, hannu a ƙugu, yana hararar yashi kamar yashin ya zagi uwarsa. Leburori suka taru kallo, har Muhibba mai dambu ta sauke kularta.

"Nan ƙofa, mai baka, da fitilu kore da ja," in ji shi. "Nan dabino, na roba, ba ya shan ruwa. Nan ɗakin mudir, da kujera mai juyi."

"Muhandis, a zuba maka na riyal nawa?"

"Muhibba, ana zancen miliyoyi kina zancen dambu!"

Daga nan ya koma kan abin da ɗan kwangila ya lissafa. Bututun ruwa? Ya soke. Wayar wuta? Ya soke. Ramin masai? Ya toshe hanci tukuna ya soke.

"Duk wannan a ƙarƙashin ƙasa suke. Wa zai gani? Mutum ya haƙa rami ya binne riyal kamar gawa? Mu injiniyoyin zamani abin da ido zai gani muke yi."

Da Abu Amir ya ji sabon kuɗin, wallahi sai da ya sumbaci hular kwanon.

"Mashallah! Daga yau kai ne mudir. Karafan na farko naka ne. Zauna ciki mutane su gani su zo haya."

Wayyo daɗi! Babbar mota ta dire karafan tsakiyar fegi, ƙofa mai baka ta miƙe, dabinon roba ya tsaya ƙyam. Jibirilla ya kwashe kayansa, ya tsaya bakin tsohon ɗaki ya yi wa su Ousmane, 'yan Maraɗin nan, jawabi.

"Zumunci na nan. Amma ofis ofis ne, kada wanda ya zo mini ba mau'idi, sai an tsayar masa da lokacin ganina."

Ya yi wa kansa walima, kabsa, shinkafa da nama, tire guda, ya kora da laban, kindirmon Larabawa, mai sanyi. Ya shige ya hau kujera.

Azahar ta yi, ranar Riyad ta buɗe wuta. Ga mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, sabo fil a bango, wayarsa tana lilo, babu inda za a soka ta. Mudir yana ta juyi a kujera yana ɗigar da mai kamar kazar gashi. Ya murɗa famfo, famfo ya yi masa gyatsa. Can sai kabsa da laban suka soma taro a cikinsa, taron gaggawa.

Ku zo ku ga gudu! Buta a hannu, hula tana tsalle, ya ratsa ta ƙarƙashin ƙofa mai baka, ya doshi masan leburori. Ya tarar da layi har bakin katanga, Ousmane ne a gaba. Mudir yana taka rawa a tsaye.

"Ousmane, ɗan'uwana, don girman Allah!"

Ousmane ya dube shi sama da ƙasa, ya gyara riƙon butarsa.

"Ranka ya daɗe, kana da mau'idi?"