Rasuwar Makunni Mai Baki Huɗu na Gidan Ɗan Iya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ƙafafun da yawo ya kumbura, ni Tajuddeen mai gyaran rediyo, a madadin kaina da iyalina da ɗaukacin manoman rani na Gidan Ɗan Iya da ke gefen ruwan Watari, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar dattijo mai hidima, Makunni Mai Baki Huɗu, wanda ya bar mu bayan gajeriyar jinya. Ya cika a hannuna, a cikin shagona, ina riƙe da sukundireba ina lallashinsa.

Ga waɗanda ba su san marigayin ba, shi ne ɗan ƙarfen nan mai juyawa da ke goshin akwatin amfilifayar da na haɗa da hannuna. Bai fi ƙwallon goriba girma ba, amma shi ke raba magana a gidan nan. Ka murɗa shi ya ce ƙas, rediyo ta fito. Ƙas na biyu, kaset. Ƙas na uku, makirfo, murya ta haye lasifikar da ke kan dalbejiyar ƙofar gida. Ƙas na huɗu, wayar salula, muryar mai kira ta fito ta sifikar da ke ɗakin mahaifiyata, Inna Fadima. Hawa biyu gare shi a ciki, ɗaya na zaɓar inda magana ta fito, ɗaya na zaɓar inda za ta je. A tsawon lafiyarsa bai taɓa ɗaukar maganar ɗaki ya kai kan bishiya ba, shaidar da ba zan iya yi wa wasu maƙwabtanmu ba.

Ba a san ranar haihuwarsa ba. Na tsince shi ne a cikin wata tsohuwar rediyo mai jikin katako da na ƙwato daga kurar wani ɗan gwangwan a kasuwar Kunci, ana shirin fasa ta a cire jan ƙarfenta. Ya girme ni, wannan babu tantama. Ina ma jin ya girmi auren iyayena.

Saboda Inna na kawo shi gidan nan. Kunnenta na hagu ya daɗe da rufewa, na dama kuma yana bin bayansa a hankali. Autarta Zakiyya tana aure a Fatakwal, kuma in an kara wa Inna waya a kunne ba ta jin komai sai zuzu. Na zauna na haɗa akwatin, na rage masa ƙugi, na ƙara masa kaifi, ina gwadawa ina kallon fuskarta, har ranar da ta ɗago ta ce, "Tsaya nan, Taju. Wannan Zakiyya ce." Daga baya Malam Sama'ilu, shugaban manoman rani, ya roƙi a sa makirfo don a riƙa shelar ranar da za a saki ruwa da layin da zai fara sha. Cigiyar akuya ta biyo baya, da sanarwar suna, da kiran aikin gayya. Duk marigayi ya ɗauka bai taɓa ƙorafi ba, har mutane suka bar kirana mai gyaran rediyo suka koma Taju Mai Shela, kuma ba zan ɓoye ba, sunan ya yi mini daɗi.

Dangane da jinyarsa, iyalan mamaci na so a sani cewa ba sa zargin kowa. Abin da ya faru shi ne, tsufa ya sa ya fara 'yar ƙara in an murɗa shi, wani siririn ƙiii kafin ya ce ƙas. Matata Kaltume, wadda sana'arta tuyar ƙuli-ƙuli da tatsar man gyaɗa, ba ta iya jin abu yana ƙara ta bar shi. Ƙyauren ɗaki, injin taliya, sarƙar kekena, babu wanda bai sha gashin kazarta da ta tsoma a mai ba, kuma duk sun gode. Ina gona ina ban-ruwa ta zare wa marigayi hularsa ta roba, ta ɗiga masa mai, sabo, mai ɗumi, na farkon tatsa, irin wanda take ware wa baƙi. Da na dawo na murɗa na ji laushi, har na yaba masa a gabanta, na ce tsohon nan ya samu lafiya. Ta yi murmushi ta koma kan tuyarta.

Bayan 'yan kwanaki sai kiyashi suka ji labari. Na ga layinsu tun daga gindin bango har cikin akwatin, masu shiga da masu fita, kamar ana rabon zakka. Daga nan marigayi ya fara ruɗewa. Ka nemi rediyo ya ba ka shiiii. Ka nemi kaset ya yi ƙurrr. Ranar da na san abin ya yi tsanani ita ce ranar da Zakiyya ta kira, ya ɗauki muryarta ya ɗora a kan dalbejiya, duk garin ya ji cewa ƙafafunta sun kumbura, watan haihuwarta ya kama, kuma mijinta ba ya son miyar kuka. Da na buɗe shi na tarar mai ya daskare ya yi kore, kiyashi sun kafa gida a hawa na biyu. Na wanke da fetur, na goge da audiga, na kai ga ɗan siririn harshen tagullar da ke taɓa bakunan nan huɗu. Ina taɓa shi ya karye. Ko ƙas na bankwana bai yi ba.

Kaltume ta tsaya a bakin shago da zaninta mai warin tuya ta ce, "Malam, wallahi kuka na ji yana yi, na ce bari in taimaka masa." Na so in yi faɗa na fasa, don da man nan muke cin tuwo.

Tun daga ranar ban zauna ba. Na fara da Rimin Gado, wajen Malam Kamaruddeen, tsohon da ya koya wa rabin masu gyaran yankin nan riƙon dalma. Ya juye mini gwangwanaye a kan tabarma, muka yi ta tona har rana ta karkata. Ya ɗauki gawar ya kai kusa da idonsa, ya juya ta, ya ce, "Taju, rabona da ganin irin wannan tun ina da haƙoran gaba. 'Yan gwangwan sun cinye su kaf." Na shiga birni, na bi layin masu kayan wuta shago-shago da gawar a aljihu, nannaɗe a hankici. Wani yaro mai gyararren gemu ya kalle ta ya yi dariya ya ce, "Oga, wannan ai old model ne, ba a yin sa. Ka sayi Bluetooth kawai ka huta." Na aro irin abin nasa na kai wa Inna, ta saurara ta saurara ta ce kamar ana magana a cikin randa. Wani ya duba mini a waya ya gano guda a wata ƙasa, sai suka nemi sunan titi da lambar gida, mu kuwa adireshinmu bayan dalbejiya ne, kuma ko an aiko sai bayan an gama cire tumatir zai iso.

Ban tsaya nan ba. Na gwada makunnin fanka, hawa ɗaya gare shi. Na gwada na babur. Na jera makunnan bango irin na ƙwan lantarki na haɗa su, amfilifayar ta yi wani gurnani da ya sa awakin maƙwabta tsinke igiya. Yanzu ko barci nake sai in ga kaina ina tona bola, kuma na kai matsayin da in na shiga gidan mutum gaisuwa, idona a kan saman kabad ɗinsa yake, ko akwai tsohuwar rediyo. Jiya wani ya ce mini ya taɓa ganin irinta a gidan kakarsa a wani ƙauye bayan Kunci. Na tuƙa keke har can, na tarar kaza ce ke kwanci a cikin akwatin, kayan cikin an daɗe da sayarwa.

Marigayin ya rasu ya bar uwargida ɗaya, wato amfilifayar, wadda ke zaune a kan benci bakinta buɗe. Ya bar lasifikar kan bishiya, wadda tsuntsaye suka fara leƙawa, da sifikar ɗakin Inna, da batir guda da farantin sola da ke ta tara wuta ba mai sha. Ya bar hularsa ta baƙar roba, lafiyarta ƙalau, ba ta da kan da za ta hau. Jikoki kuwa, wayoyi ne ja da baƙi da ba su ƙirguwa.

Ya kuma bar Inna Fadima, kuma nan ne abin yake ci mini rai. Zakiyya ta sauka lafiya bayan rasuwarsa, ta samu mace, an sa mata sunan Inna. Har yau Inna ba ta ji muryar takwararta ba. Ana kira, a kara mata waya, jaririyar na tsala kuka har mu da ke tsakar gida muna ji, ita kuwa tana cewa, "Iye? Tana kukan ne? Ku ce ta ƙara." Sai ta miƙo wayar ta juya fuska bango. Da can tana jin dakan Kaltume daga ɗakinta, har takan ce an cika ruwa a gero. A makon nan an yi daka a ƙofarta ba ta ɗago ba. Kunnen nan ba jirana yake ba, ina gani da idona, kuma tsoro nake ji.

Akwai hanya guda da ta rage, kowane mai gyara ya san ta. A haƙura da makunni, a haɗa wayoyin kai tsaye da dalma. Sai dai in an yi haka baki ɗaya kawai akwatin zai samu, kuma allon cikinsa ya tsufa, jan ƙarfensa ya fara ɗagowa, wuta ɗaya zai ƙara ɗauka, ba za a yi ta liƙewa ana warewa ba. Malam Sama'ilu ya san da haka, don ya zo shago ya same ni, hularsa a ƙeya, ya ce, "Taju, mun yi maka ta'aziyya, Allah ya ba da haƙuri. Amma tumatir bai san makoki ba. Shekaranjiya an saki ruwa, mutanen layin gabas ba su ji ba, albasarsu har ta fara kwanciya. Ka haɗa mana makirfo, don Allah." Gaskiya ya faɗa, kuma gonata ma a layin gabas take. Na ce masa zan yi shawara. Na yi ta zagaya dalbejiyar nan har Kaltume ta leƙo ta tambaya ko wani abu na yar.

Saboda haka ga yadda aka tsara jana'iza. Za a fitar da mamaci daga hankicinsa ranar Juma'a bayan sallar La'asar, a shagona. Malam Kamaruddeen ne zai riƙe fitila in Allah ya kawo shi. Za a naɗe shi a farin ƙyalle a sa a gwangwanin madara, a rufe da kyau saboda kiyashi, a ajiye a saman kantar shago, don zuciyata ba ta yarda a kai shi bola ba. Ba a buƙatar kawo abinci. Mai son yin sadaka ya duba ƙarƙashin gadon kakarsa, in ya ga rediyo mai jikin katako ya kawo, ko ba ta magana.

Ana kuma sanar da manoman rani, musamman Malam Sama'ilu da mutanen layin gabas, cewa daga wannan Juma'ar, lasifikar kan bishiya ta yi ritaya. Shelar ruwa ni zan riƙa kai ta da keke, gona-gona, da bakina, har ranar da aka samu magajin marigayi, in ana samu. Wanda ya ji haushi ya zo ya same ni, ba zan musa masa ba, kuma wanda ya ga dama ya janye sunan Mai Shela ya mayar mini da na da. Bakin wayar salula zan liƙe da dalma, zuwa sifikar ɗakin Inna.

Za a yi zaman makoki a tsakar gida da zarar dalma ta huce. An riga an gaya wa Zakiyya ta kira a lokacin, kuma kada ta ba yarinyar nono sai an ɗauka. Ana roƙon duk wanda ya halarta ya bar gaisuwa sai daga baya, a ɗaure awaki nesa, a ajiye taɓarya, masu tari su fita waje. Inna za ta zauna a bakin gadonta, kunnen dama a jikin sifika.