Kukan Motar Baba

Ba zan taɓa mantawa da ranar da muka kai ƙanwata Balkisu gidan miji ba, ko na so in manta ma mutanen Gummi ba za su bar ni ba. Ni makaniki ne. Ba don yabon kai ba (to, da ɗan yabon kai), a garejinmu ni ake kira idan mota ta kama wani kuka da aka rasa kansa. Direbobi daga Anka, har da masu kai kaya wajen haƙar zinariya, sukan zo su ce in hau mu zaga. Sai in karkata kai, in lumshe ido ɗaya, in ce boris ne ya ci, ko man giya ne ya ƙare. Sau da yawa nakan dace, har abin ya shige mini kai, na fara ganin kamar Allah ya yi mini kunne na daban.

Motar da ake magana a kanta ta mahaifinmu ce, Allah ya jiƙansa. Tsohuwar doguwar mota ce irin wadda direbobin tasha suke ji da ita a da, ta girmi Balkisu nesa ba kusa ba. Da ita Baba ya ciyar da mu. Bayan rasuwarsa dangi suka ce a sayar, na kafe na hana. Na yi mata rumfa a ƙofar gida, kowace Juma'a in wanke ta, in tayar da ita ta ɗan yi ɗumi.

Balkisu ita ce autarmu, kuma mijin nata ita ta zaɓi abinta, wani malamin makaranta a Bukkuyum. Duk hidimar bikin ba ta nemi komai ba sai abu guda, cewa a kai ta a motar Baba. Abokan ango sun zo da motoci masu sanyi, ta ce ita dai ta Baba. Inna ta kira ni gefe ta ce, "Ka tabbata motag ga tana kaiwa? Kak ka kunyata muna ɗiya bisa hanya." Na bugi ƙirji na ce ai ni ne likitanta.

Da hantsi muka tashi, domin yanzu ba mai kai amarya da duhu a hanyoyinmu, kowa ya san dalili. Ni ke tuƙi. A baya ga amarya cikin lulluɓi, dama da ita Gwaggo Asabe ƙanwar Baba, hagu kuma Hajiya Kulu, gwaggon ango, wadda ta zo ɗaukar amarya. A cikin gari ba ka jin komai sai guɗa da hon. Amma muna fita, na sa giya ta uku, sai na tsinci wani siririn kuka daga bayana, can ƙasa-ƙasa, yana tashi yana sauka. Na san irin wannan kukan, shi ne wanda akwatin giya ke yi idan ya kusa tafiya.

Na ce, "Gwaggo, kuna jin kukan ga?"

Ta ce, "Muna ji mana, ko kurame munka zama?"

"Tun yaushe tah hwara?"

"Tun ƙohwar gida."

Na girgiza kai na ce, "Wanga kuka ba na lahiya ba na."

Hajiya Kulu ta gyara zama. "Ƙaƙa ba na lahiya ba, ɗan nan?"

Na ɗaga hannu na daka tsawa, "Ku yi shiru in jiya!" Na taka kuloci, na mayar da giya furi. Kukan ya ɗauke ɗif. A aikinmu, idan ka taka kuloci kuka ya tsaya, ka kama ɓarawonka. Na saki, na sa giya, ba a jima ba ya dawo, har ya fi na da. (Allah ya sani, a lokacin har wani daɗi na ji duk da tashin hankalin, irin daɗin wanda zatonsa ya zama gaskiya.)

Na ce, "Hajiya, ai tsuhwa na. Haƙoranta sun cinye. Na daɗe da sanin tana da matsala, lallaɓawa kawai muke yi don a samu bikin ga shi wuce lahiya."

Hajiya Kulu ta yi salati. "Kuma kunka rufe mu, ba ku hwaɗa muna ba?"

"To mi za a hwaɗi, Hajiya? Dut irinsu haka suke in sun kwan biyu. Ko an gyara, ba ta komawa daidai."

Sai na ji ranƙwashi a ƙeya. Gwaggo ce. "Kai, ka haukace? Mi kake hwaɗi haka gaban mutane?" Ni kuwa na ɗauka kishin motar ɗan'uwanta take yi, har na tausaya mata. Na ce ta yi haƙuri, gaskiya ɗaci gare ta.

Kukan ya ƙaru. Na yanke shawara na gangara gefen hanya kusa da wata gonar gero, duk da na san ba wurin tsayawa ba ne. Sauran motocin suka tsaya, abokan ango suka fito suna waige-waige. Na kashe mota, na jefa makulli a aljihu, na sanar da babbar murya cewa giya ta tafi, a mayar da amarya wata motar. Raina ya ɓaci ƙwarai, domin na san abu ɗaya tak yarinyar nan ta roƙa, ga shi na kasa. Amma girman kai bai bar ni na tsaya a nan ba. Na kwanta da farar shaddata a ƙasa, na shige ƙarƙashin mota, ina yi wa samarin bayani daga can: yadda boris ke riƙe sanda, yadda haƙoran giya ke cin juna, yadda wanda ba shi da kunne ba zai taɓa ganewa ba.

Ina cikin wannan karatu sai kukan ya dawo, daidai saman kaina.

Na ce, "Yauwa! Kun jiya? Shi na wanga!"

Wani daga cikin abokan ango ya durƙusa ya leƙo ni, cikin ladabi ƙwarai, ya ce, "Yaya, dama giya tana kuka ko da mota tana a kashe?"

Na shafa aljihu. Makulli yana nan.

Ban san tsawon lokacin da na yi a kwance ba. Na kalli akwatin giyar nan, a bushe ƙayau, ko ɗigon mai babu, na yi fatan ya faɗo mini a ka a huta. Daga sama na ji Gwaggo tana cewa, "Hito, likita. Hito ka ga giyar taka." Dariya ta ɓarke, har da masu riƙe ciki. Hajiya Kulu, da ta gane cewa ba surukarta ce mai cinyayyun haƙora ba, ta yi dariya har da hawaye. (Na ji labarin da aka je buɗar kai ta ce a fara buɗe baki ta duba.)

Na fito, baya duk jar ƙasa, na zagaya wajen tagar baya. Balkisu ce kaɗai ba ta dariya. Ashe tun daga gida take danne kukan don kada a ce ta cika, shi ya sa yake fita siriri. Da na yi tsawa ta haɗiye shi don tsorona, da na ce a sauya mata mota kuma ya ƙwace mata. Daga cikin lulluɓi ta ce, "Yaya, kak ka bari a hidda ni. Kujerag ga har yau ƙamshin Baba takai."

Shekarun nan duka ina wanke motar nan, na san kowace ƙusa da ke jikinta, amma ban taɓa zama a kujerar baya ba, inda Baba kan ajiye babbar rigarsa. Ban kuma taɓa tambayar Balkisu me ya sa takan tsaya a bakin rumfa idan ina tayar da motar ba. Na ɗauka ni kaɗai na yi maraici, tunda ni ke riƙe da sifana.

Na ce, "Ba mai hidda ki." Na shiga na murɗa makulli, ta tashi bugu ɗaya kamar tana yi mini tsiya. Har Bukkuyum motar nan ko tari ba ta yi ba. Balkisu kuwa ta saki kukanta sosai, ba wanda ya ce ta yi shiru. Kafin mu shiga gari na ji wani kukan ya ƙaru a gaba, wajen sitiyari, kuma wannan ban buƙaci taka kuloci ba kafin in san daga ina yake fitowa.

Har yau ina aikina, kuma har yau idan na karkata kai a gareji sai wani shaƙiyyi ya ce in duba ko da amarya a baya. Nakan yi dariya, amma na ɗauki darasin. Duk wanda ya zo ya ce mini tana kuka, kafin in zargi ƙarfe sai na kashe inji, na juya na dubi mutanen da ke ciki.